Ma'anar "faɗaɗar guraben ruwa na ƙwaƙwalwa" a ciwon sikizofireniya

A can tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam akwai gurabe huɗu masu haɗe da juna, cike da wani ruwa garai-garai da ke zagaya ƙwaƙwalwa da laka yana ba su kariya. Idan likitoci suka ce guraben sun faɗaɗa, yawanci manyan biyun suke nufi, na dama da na hagu, kuma sau da yawa faɗaɗar tana nuna cewa naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye da su ya ɗan ragu.

Ana yawan jin wannan lafazi a batun sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu mai yin su, ko riƙe zargin da babu hujjar da ke raba shi da shi. A 1976, likitar ƙwaƙwalwa Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan sun ɗauki hoton kan wasu majinyata da na'urar CT, wadda a lokacin sabuwa ce, suka tarar guraben nasu sun fi na masu lafiya faɗi. Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka wallafa a Amurka a 1990 kan tagwaye masu kama ɗaya, inda ɗaya ke da ciwon, ɗayan kuwa lafiyarsa lau. A mafi yawansu, guraben mai ciwon sun fi faɗi, kuma hifokamfus ɗinsa, wato sashen da ke taimakawa wajen adana abin da za a tuna, ya fi ƙanƙanta, alhali gadon halittarsu ɗaya ne. A 2016, ƙawancen masana ƙwaƙwalwa na ƙasashe daban-daban mai suna ENIGMA ya sake ganin haka a hotunan majinyata fiye da 2,000. Ana ganin makamancinsa, amma bai kai haka ba, a ciwon da ke jefa mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki.

Sai dai wannan bambanci na matsakaicin jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Majinyata da yawa hotonsu bai bambanta da na kowa ba, sannan tsufa, yawan shan giya da ciwon mantuwa duk suna faɗaɗa guraben, magungunan da ake sha shekara da shekaru ma suna iya sauya girman wasu sassa. Shi ya sa a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware ko Barnawa, da hira da majinyaci da kuma bayanin danginsa likita ke gane ciwon, ba ya neman hoto sai in yana zargin ƙari ko rauni a ka.