Me ya sa Disney ke ta sake tsofaffin finafinanta na waƙa?

Duk wanda ya taso yana kallon katun a kaset zai tuna zakin nan Simba da aljanin fitilar Aladdin. Yau an dawo da su a sabuwar kama, kuma iyaye na yawan tambaya a kai.

Wane irin fim ake nufi?

Finafinan iyali ne da waƙa ke ɗauke da labarin, ba ado kawai ba. Yawancinsu na kamfanin Disney ne a Amurka, kuma da hannu aka zana su. Yanzu ana sake su da mutane na gaske ko da zanen kwamfuta mai kama da gaske. The Jungle Book na 1967 ya dawo a 2016, Beauty and the Beast na 1991 ya dawo a 2017, sai Aladdin da The Lion King duk a 2019, The Little Mermaid na 1989 kuma a 2023.

Wannan ba ita ce wankiyar da ake zargin 'yan Kannywood da ita ba?

A'a. Wankiya ɗaukar fim ɗin wani ce, galibi na Indiya, a sauya masa riga ba tare da izini ba. A nan mai kaya ne ke sake ɗinka kayansa. Sau da yawa ma mutanen farko ake kira: Alan Menken, wanda ya tsara kiɗan Aladdin da The Little Mermaid, shi ya dawo ya yi na sababbin, kuma James Earl Jones ya sake ba Mufasa, mahaifin Simba a The Lion King, muryarsa bayan shekara 25.

To me ya sa ba za su ƙirƙiri sabon labari ba?

Kuɗi. Sabon labari caca ne, tsoho kuwa an riga an san kasuwarsa. Yaron da ya kalli Simba a 1994 yanzu magidanci ne, shi zai sayi tikiti ya kai 'ya'yansa. The Lion King na 2019 ya tara fiye da dala biliyan 1.6, Aladdin da Beauty and the Beast kowanne ya haura biliyan 1. Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba: Snow White na 2025, wanda aka sake daga fim ɗin 1937, asara ya jawo wa kamfanin.

Me ya sa ake cewa sabon The Lion King ba shi da rai, alhali ya fi kyan hoto?

Nan ne abin ya fi damuna. Darakta Jon Favreau ya so dabbobin su yi kama da na shirin namun daji, kuma ya cim ma burinsa. Kowane gashi, kowace ƙura, kwamfuta ce ta zana, in ban da hoto ɗaya na fitowar rana a farkon fim. Aikin ya kai a yaba.

Amma zaki na gaske ba ya murmushi, ba ya ɗaga gira, ba ya zubar da hawaye. A na 1994, lokacin da Simba ya tarar da gawar mahaifinsa, fuskarsa kaɗai ta isa ta sa yaro kuka. A na 2019 muryar tana kuka, fuskar kuwa ko gezau. Haka waƙoƙin suka sha wahala. A zane, idan Simba ya fara waƙar ɗokin sarauta sai launuka su juye, dabbobi su hau kan juna suna rawa. A sabon, gudu kawai ake yi a bakin ruwa, domin raƙumin dawa na gaske ba ya hawa bayan dorina. Har waƙar soyayyar Simba da Nala, wadda kalmominta ke maganar dare, da rana tsaka aka yi ta.

Mu da muka saba da finafinan Indiya da na Hausa mun san sirrin: waƙa a fim wuri ce da ake barin duniyar zahiri na ɗan lokaci, zuciya ta faɗi abin da baki ya kasa. Idan ka ɗaure ta da igiyar kama da gaske, ka raba ta da aikinta.

Ana canza kalmomin waƙoƙin?

Ana yi, wani lokaci kuma da hujja. Waƙar buɗe Aladdin ta 1992 ta siffanta ƙasar Larabawa da wurin da ake yanke kunnen mutum don ba a son fuskarsa. Larabawan Amurka suka yi ƙorafi, aka cire baitin tun 1993, amma aka bar kalmar da ke nufin rashin wayewa. Sai a 2019 aka sauya ta. Wannan gyara ya dace, ya ma makara. A fim ɗin kuma an ba gimbiya Jasmine sabuwar waƙa ta kanta, tana cewa ba za a rufe mata baki ba.

Me ya sa sababbin suka fi tsawo?

Ana cusa sababbin waƙoƙi da ƙarin labari. Wani dalilin shi ne kyautar Oscar ta waƙa sabuwar waƙa kaɗai take karɓa. The Little Mermaid ya tashi daga minti 83 zuwa 135, abin da ya yi wa ɗan shekara biyar yawa.

Me ya jawo hayaniya kan 'yan wasa?

Da aka zaɓi Halle Bailey, baƙar fata, ta fito a matsayin Ariel, jarumar The Little Mermaid, wasu suka yi ta surutu cewa a zane fara ce. Ban ga hujjarsu ba. 'Yar ruwa ce ta tatsuniya, abin da rawar ke buƙata murya ce, kuma muryar Bailey ita ce mafi kyawun abin da ke cikin fim ɗin. Will Smith ma, wanda ya fito a aljanin fitila, ya sha suka kafin Aladdin ya fito, saboda Robin Williams, mai muryar aljanin a zane, ya kafa shi a zukatan mutane. Ya tsira ne don bai kwaikwaye shi ba, ya yi nasa salon.

Afirka ta samu wani abu a ciki?

Ta samu, ko da yake a gefe. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya yi muryar mugun zakin nan Scar a The Lion King na 2019, John Kani na Afirka ta Kudu kuma ya yi birin nan Rafiki. Kundin waƙoƙin da Beyoncé ta fitar tare da fim ɗin ya ƙunshi Wizkid, Burna Boy, Tiwa Savage da Yemi Alade, da Shatta Wale na Gana, da Salatiel na Kamaru.

Wanne zan fara nuna wa yarana?

Fara da tsohon zane. Ya fi gajarta, fuskokin sun fi magana, kuma ba ya tsoratarwa kamar kuraye masu kama da na gaske. Idan sun ɗan tasa, a nuna musu The Jungle Book na 2016, wanda a ganina ya fi sauran, domin ya rage waƙoƙin ya bar kaɗan, ya kuma sauya ƙarshen labarin: Mowgli bai koma ƙauyen mutane ba, a daji ya zauna.