Adabin Kasuwar Kano

Adabin Kasuwar Kano suna ne da aka laƙaba wa ƙagaggun labaran Hausa da marubutansu ke bugawa da kuɗin aljihunsu, ko ta hannun ƙananan maɗaba'u da masu shagunan littattafai, tun daga wajen tsakiyar shekarun 1980. Wasu na kiran su littattafan soyayya, wasu kuma, musamman masu kare su, sun fi son a ce adabin Hausa na zamani. Kano ce cibiyar bugu da sari, amma marubutan sun fito daga Kaduna, Katsina, Funtuwa, Zariya, Sakkwato, Gusau da sauran garuruwa, kuma littattafan na kaiwa har kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Shi kansa sunan yana cikin abin da ake taƙaddama a kai, domin da yawa daga marubutan sun ɗauke shi a matsayin gori.

Abin da ya gabata

Kafin wannan zamani, ƙagaggen labari a rubutun boko kusan duk ta hannun hukuma yake fitowa. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Daga nan aikin ya bi ta Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sai hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, da ta yi aiki a shekarun 1950 ta rushe a 1959, sai kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966 da hannun jarin kamfanin ɗab'i na Macmillan a ciki.

Wannan tsari yana da edita, yana da mai duba ƙa'idojin rubutu, yana kuma da kasuwa tabbatacciya, wato makarantu. Illarsa ita ce ƙofar ta yi ƙunci. Littafin da ba a sa ran zai shiga manhaja ba, da wuya a ɗauke shi, kuma sabon marubuci kan jira shekaru kafin a ce masa eh ko a'a. Gasa ce kaɗai kan buɗe ƙofar lokaci-lokaci. Wadda NNPC ya yi a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980 kuma ake ɗauka shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta farkon shekarun 1980 ta ƙaro wasu, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare.

Abubuwa biyu suka haɗu suka sauya lamarin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara, maza da mata, da suka iya karatun Hausa amma ba su da abin karantawa ban da littattafan aji. Sai kuma tattalin arziki ya karye. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kawai. Masu karatu sun yi yawa a daidai lokacin da masu buga musu suka ja da baya.

Farkon bugun kai

Yawancin masu nazari na ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ake jin ya fito a wajen 1984 ko 1985, a matsayin ɗaya daga na farko-farko. Tantance shekarun fitowar littattafan wannan zango abu ne mai wuya, domin da yawa ba sa ɗauke da shekarar bugu, ba lambar ISBN, wani lokaci ma ba sunan maɗaba'a. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya biyo baya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a wajen 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, shi ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa akwai kuɗi a harkar, domin an sake buga shi sau da dama. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki, ta shigo da Allura Cikin Ruwa a wajen 1994. Akwai kuma Bala Anas Babinlata, Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, Yusuf Adamu da wasu da dama.

Da yake ba kamfani a bayansu, sai marubutan suka kafa ƙungiyoyi suna yi wa juna aikin da kamfani ya kamata ya yi. Wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama ta Kano. Sunan ya fito daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya, kuma amsa ce kai tsaye ga masu yi musu kallon yaran da ba su yi zurfin karatu ba. Akwai kuma Kukan Kurciya da Jigon Hausa. 'Yan ƙungiya kan karanta wa juna rubutu, su nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba, su buga tambarin ƙungiya a bango, a ciki kuma a jero sunayen littattafan 'yan'uwa da waɗanda ke nan tafe. Shafin nan na jerin sunaye shi ne tallarsu, kuma daga baya ya zama madogara ga masu bincike wajen gane wanne ya riga wanne fitowa.

Yadda ake buga littafin

Marubuci kan rubuta labarinsa da biro a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta, a buga masa a kan kuɗin kowane shafi. Daga nan sai maɗaba'a. Takarda irin ta jarida ce, mai saurin yin ja, a naɗe ta biyu a ɗinke da waya a tsakiya. Bangon farko-farko zanen hannu ne, saurayi da budurwa ko mace ta yi tagumi. Da fim ya bunƙasa sai hotunan 'yan wasa suka maye gurbinsa. Labari ɗaya akan raba shi kashi biyu, uku, har huɗu, a yanke shi a daidai inda ya ɗauko daɗi, a rubuta a ƙasa cewa a haɗu a littafi na biyu. Dalilin rabawar kuɗi ne: ƙaramin littafi ya fi sauƙin saye ga 'yar makaranta ko matar aure, kuma cinikin na ɗaya ne ke biyan bugun na biyu.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa ta daɗe tana damun harkar. Yawancin tafiretoci da kwamfutocin farko ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai a buga su a miƙe, ko a bi da biro ana sa musu ƙugiya kafin a kai maɗaba'a. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan kwamfuta masu ɗauke da su, ɗaya ya sa masa suna Rabi'at, abin da ya rage wahalar ga waɗanda suka samu. Kurakuran raba kalma da haɗe ta kuwa sun ci gaba, tun da babu edita, kuma su ne masu suka suka fi saurin nunawa.

Marubuci da ɗan kasuwa

Bayan bugu, kaya na tafiya shagunan littattafai na Jakara, Kurmi da Sabon Gari, inda 'yan sari daga wasu garuruwa ke zuwa ɗauka. Galibi bashi ake karɓa, sai an sayar a biya. Marubuci kan yi ta sintiri yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, har uwar kuɗin ta narke kafin ya haɗa na sake bugu. Idan littafi ya yi kwantai, shi za a dawo wa da shi.

Da tafiya ta yi nisa, wasu masu shaguna suka zama su ne mawallafa. Su sayi rubutu ɗungurungum a farashi ɗaya, su buga iya yawan da suke so, marubuci bai san adadin ba, ba shi kuma da kaso a bugu na biyu. Mata da yawa, waɗanda ba sa fita kasuwa da kansu, wannan hanya ce ta fi musu sauƙi, kuma a nan aka fi ƙorafin kwara. Ɗan kasuwa kan kuma faɗi irin labarin da yake so, wanda ya ga yana tafiya, shi ya sa jigo ɗaya kan mamaye kasuwa na wani lokaci: auren dole, kishiya, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Ga kuma masu bayar da haya, inda kwafi ɗaya zai zaga unguwa guda ba tare da marubuci ya ga ko sisi ba.

Muhawarar suna

Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ake danganta wa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, a farkon shekarun 1990. Ya kwatanta littattafan da 'yan ƙasidun Turanci na kasuwar Anacha, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1940 har yaƙin basasa ya kawo ƙarshensu. Hujjarsa ita ce littattafan na yayi ne, ba su da zurfi, suna kwaikwayon fina-finan Indiya da labaran soyayyar Turawa, kuma za su shuɗe kamar yadda na Anacha suka shuɗe. Ya kuma nuna fargabar kada su shiga manhajar makarantu su ture na su Abubakar Imam.

Muhawarar ta ɗauki kusan shekara goma a jaridu, tun daga Nasiha har zuwa shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi, da Weekly Trust da mujallar Garkuwa. Sheme, Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna cikin manyan masu karewa. Sun ce littattafan sun koya wa dubban mata karatu, sun taɓo auren wuri da sakin wulaƙanci da ilimin 'ya mace a lokacin da ba mai taɓa su, kuma rashin ingancin bugu laifin talauci ne, bai kamata a auna labari da takardar da aka buga shi a kai ba. Wani abin lura shi ne da yawa daga masu sukan sun yi wa dubban littattafai hukunci ɗaya bayan karanta kaɗan daga ciki, alhali akwai na barkwanci, na bincike, na jarumtaka da na aljanu waɗanda ba ruwansu da soyayya.

Akwai batun matsayi a ƙarƙashin gardamar. Yawancin marubutan ba 'yan jami'a ba ne. Ado Gidan Dabino ta makarantar manya ya yi bokonsa, Balaraba Ramat kuwa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama. Wasu marubutan kan nemi malamin jami'a ya rubuta musu gabatarwa don littafin ya samu mutunci.

A waje kuma an ɗauki littattafan da muhimmanci tun da wuri. Brian Larkin ya yi nazarin alaƙarsu da fina-finan Indiya a 1997, Novian Whitsitt ya yi digirinsa na uku a Amurka a kan marubuta mata, sannan Graham Furniss na SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Jami'ar Landan, tare da Malami Buba da William Burgess, suka fitar da jerin littattafai sama da 700 a 2004.

Zargin ɓata tarbiyya da hannun hukuma

Sukan da ya fi yi wa marubuta ciwo daga gida ya fito. Iyaye, malaman makaranta da wasu masu wa'azi sun zargi littattafan da koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye da hana su karatu. A makarantun kwana na mata akan ƙwace su idan an kama. Marubuta mata sun fi shan wannan, domin akan ɗauka abin da jaruma ta aikata a labari, marubuciyar ce ta aikata, shi ya sa wasu ke ɓoye suna, su sa Maman wane ko sunan miji, wasu kuma su buɗe littafi da shafin neman afuwa da bayanin cewa faɗakarwa ce manufa.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona littattafan da aka tattaro daga hannun ɗalibai mata, a bainar jama'a. A 2008 hukumar tacewa, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita kuma a duba rubutu kafin bugu. Ƙungiyoyin marubuta, ciki har da reshen Kano na ANA, ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, suka ƙi, har suka shiga yajin aiki, daga baya aka sasanta. Ɓangarorin biyu sun saɓa a kan ko matakin ya gyara wani abu.

Karramawa

Gasar rubutun Hausa ta tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye ta fara a 2007, 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci. A 2014 aka ba Ado Gidan Dabino lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar gajerun labarai ta Hikayata ta mata a 2016.

Halin da ake ciki

Fim ya janye marubuta da yawa tun shekarun 1990, wayar hannu kuma ta kusan gama da kasuwar takarda. Yanzu akasarin sababbin labarai a WhatsApp, Facebook da Wattpad suke fitowa, shafi-shafi. Marubuciya kan saki farkon labari kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Babban ƙorafinsu shi ne masu fitar da labarin kuɗi su yaɗa shi kyauta, da masu karanta shi a YouTube ba da izini ba. Zargin batsa ya dawo da ƙarfi a kan wani ɓangare na marubutan intanet, kuma cikin masu yin sa har da waɗanda aka ƙona wa littattafai a baya.