Me ake nufi da "Easter egg" a fim da katun?

In kana bin masu sharhin fina-finai a YouTube ko TikTok za ka ji suna yawan cewa "kun ga Easter egg ɗin nan kuwa?" To ba ƙwai na ci suke nufi ba. Kalmar ta samo asali ne daga al'adar Turawa ta bikin Ista, inda ake ɓoye ƙwai masu kala a lambu yara su bazama nema. Sai aka ari sunan aka laƙaba wa duk wani ɗan abu da mai shirya fim ko gem ya cusa da gangan, bai yi shela ba, sai mai ido ya tsinta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne katun ɗin barkwancin nan na Amurka, The Simpsons, da aka fara tun 1989. Matt Groening da ya ƙirƙiro shi ɗan garin Portland ne a jihar Oregon, kuma wallahi mutumin nan kwashe sunayen titunan garinsu ya yi ya raba wa 'yan wasansa. A arewa maso yammacin Portland akwai unguwar da titunanta ke jere bi da bi kamar abacada, a nan za ka ga titin Flanders, wato Ned Flanders mai son ibada, maƙwabcin Homer babban ɗan wasan katun ɗin, ga Kearney ɗan daban makaranta, ga Lovejoy limamin cocinsu, ga Quimby magajin gari. Har Evergreen Terrace da gidan su Homer yake, sunan layin da Groening ya tashi ne. Mu da muke kallo daga nesa suna ne kawai muke ji ya wuce, amma ɗan Portland layinsu aka kira masa, kuma ni a ganina nan daɗin abin yake, gaisuwa ce mutum ya aika gida ba tare da ya tsayar da labari ba.

Su ma mutanen garin sun amsa fa, a 2021 sun raɗa wa wata gadar masu ƙafa da keke suna Ned Flanders Crossing.

Don Allah kar a haɗa wannan da hotunan da ake ta turawa a WhatsApp wai katun ɗin ya hango abin da zai faru, da yawansu ma haɗa su aka yi daga baya. Titin Flanders kuwa yana nan a taswira, ka buɗe Google Maps ka duba da idonka.