Me ya sa ake neman ungozoma 'yar gari?

Ina matsalar take?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya mata 512 ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000. Amma nauyin bai rabu daidai ba. A lokacin binciken, a kudu maso gabas mata 82 cikin ɗari suna haihuwa a asibiti, a arewa maso yamma kuwa 16 ne kacal. Zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma duka ana iya tare su idan akwai ƙwararriya a kusa.

To ba sai a turo ma'aikata daga ko'ina ba?

An gwada. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi ƙauyuka. Sun taimaka, sai dai da yawa ba su zauna ba, saboda rashin masauki, jinkirin albashi da nisa da iyali. Akwai kuma abin da takarda ba ta nunawa. Mai haihuwar fari da kunya ta hana ta ko nishi a gaban uwar miji ba za ta buɗe baki ta gaya wa baƙon namiji cewa jini na zuba ba. Magidanta da dama ma ba sa barin namiji ya duba iyalinsu. Wadda ta tashi a garin, take jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, ta san wa za ta fara gaisarwa kafin a yarda a fita da mai naƙuda.

An taɓa horar da irin waɗannan?

Ƙwarai. Shirin Women for Health, da tallafin Birtaniya, ya fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. 'Yan matan karkara da sakamakon jarrabawarsu bai kai ba, an ba su shekarar share fage kafin shiga makarantar ungozoma. Mutanen gari ne suka riƙa zaɓen yarinya, bisa alkawarin za ta dawo ta yi musu aiki. Matan aure ma sun shiga, har aka tanadi wurin renon 'ya'yansu a makarantu.

Horon kaɗai ya wadatar?

A'a. Idan jiha ba ta ɗauki ungozomar aiki ba, ko ta iske ɗakin haihuwa babu wuta, babu allurar tsayar da jini, babu motar kai mace babban asibiti cikin dare, to birni za ta nufa, kuma ban ga laifinta ba.