Sabunta fuskar tsohon tafkin ninƙaya

Sabunta fuskar tafkin ninƙaya shi ne cire ko gyara abin da aka lulluɓe ciki da bangon tafkin da shi, a sa sabo, ba tare da an rushe ginin ba. Aikin ya fi shafar tafkunan da aka haƙa a ƙasa aka zuba musu kankare. Da yawansu ana gina su ne ta hanyar fesa kankaren da iska mai ƙarfi a kan ragar rodi, dabarar da Ba'amurke Carl Akeley ya ƙirƙiro a 1907. Kankaren yakan kai shekaru masu yawa, amma ba ya riƙe ruwa sosai shi kaɗai, don haka ake shafe shi da yaɓe, kuma yaɓen ne ke fara tsufa.

Tsufan ba ya ɓuya. Ƙasan tafkin yakan yi kaushi har ya goge tafin ƙafar yara, gansakuka ta maƙale a ramukan da burushi ba ya kai wa, tabon tsatsa ya fito inda rodi ya kusanci fuska. Magina kan ƙwanƙwasa bangon da ƙarfe bayan an zubar da ruwa. Inda ya yi amo irin na ganga, yaɓen ya rabu da kankare ke nan.

Mafi daɗewa cikin zaɓuɓɓuka shi ne yaɓen farin siminti da garin dutsen mabul. Yana da sauƙin kuɗi da laushin taɓawa, kuma yakan yi kimanin shekara 7 zuwa 10. Idan aka gauraya simintin da ƙwayoyin dutsen kwaz, wanda ya fi mabul tauri, fuskar takan kai shekara 10 zuwa 15. Akwai kuma yaɓen ƙananan tsakuwa, wanda ya bazu a Ostireliya da Amurka, inda ake wanke saman simintin kafin ya gama ƙamewa don tsakuwar ta fito fili. Shi kan wuce shekara 15, sai dai wasu na kukan kaushinsa. Tayil, musamman ƙananan na gilashi, ya fi duka tsada da ƙarko. Rauninsa yana a simintin da ke cike tsakanin tayil ɗin, wanda ruwa ke ci a hankali.

Fenti shi ne mafi arha, kuma a nan ne masu tafki suka fi yin asara. Fentin efoksi yakan yi shekara 5 zuwa 7, na roba 2 zuwa 3 kawai. Ba ya cike tsaga, ba ya kama jikin da ke da danshi, kuma duk wanda ya so komawa yaɓe daga baya sai ya biya kuɗin cire fentin baki ɗaya. Tafkunan faiba, wato na zaren gilashi, da masu shimfiɗar roba hanyarsu daban ce: na farko ana goge shi a sake masa shafi, na biyu a canza shimfiɗar.

Ƙarkon kowace fuska ya dogara ne da shirin da aka yi kafin a shafa ta. Dole a farfasa duk inda ya saki, a toshe tsaga da wurin yoyo, a wanke, sannan a sa shafin da zai haɗa tsoho da sabo. Zubar da ruwan ma yana da haɗari. Idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kamar a tsakiyar damina, matsin ruwan da ke ƙarƙashi na iya ɗaga tafkin da babu komai a cikinsa ya tsage shi. Shi ya sa ake buɗe bawul ɗin da ke ƙasan tafkin, kuma ake zaɓar lokacin rani. Amma barin sabon yaɓe cikin zafin rana ma ɓarna ce: ana fara cika tafkin da zarar an gama, ba a tsayar da famfo sai ya cika, in ba haka ba zobe zai fito a bango daidai inda ruwan ya tsaya. Sai a riƙa goge shi da burushi sau biyu a rana na mako biyu, yayin da simintin ke ɗaukar kwana 28 kafin ya yi ƙarfi.

Daga nan sai kula da ruwan kansa. Ana son ma'aunin pH, wato mai nuna tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Ruwan da ya yi tsami ko ya rasa kalsiyam yakan zuƙe shi daga jikin siminti, wanda ya yi masa yawa kuma ya bar farin ɓawo a bango. Ma'aunin da Wilfred Langelier ya fitar a 1936 shi ake bi har yau wajen gane inda ruwan ya karkata, kuma ya kamata a gwada ruwan rijiyar burtsatse da shi tun kafin a buɗe famfo.