Lasisin Tuƙi Ba Ɗaya Ba Ne

A tashoshin Kumasi, daga Kejetia har Aboabo, an daɗe ana cewa lasisi lasisi ne: wai duk mai riƙe da shi zai iya jan tirela ko babbar bas. Ba abin dariya ba ne, da yawanmu haka muka taso muka ji daga iyayen gidanmu.

Amma a Ghana lasisin aji-aji ne, kuma nauyin mota ake dubawa. B na ƙananan motoci ne da ba su wuce kilo 3,000 ba. C daga 3,000 zuwa 5,500, D har 8,000. Abin da ya haura haka, irin su tirela, sai mai F. Ba a tsallake, hawa ake yi mataki-mataki, ta gwajin ido da jarrabawa. Shekarun da yaron mota ya yi yana koyo, komai gwanintarsa, ba sa canza harafin da ke katinsa.

Dubawa ba wuya. Ciro katinka ka ga harafin, ka gwada da nauyin da ke takardun motar. In da shakka, ka tambayi ofishin lasisi da kanka, ba ɗan kamasho ba.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa direbobi.