Waiwaye: Yadda Hamtramck ta tashi daga hannun 'yan Poland

Sau ɗaya a shekara, ranar Talatar jajibirin azumin Kiristoci, tun da asuba ake kafa layi a titin Joseph Campau na garin Hamtramck, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Paczki ake jira, wani irin fanke da ake ɗura wa dafaffun 'ya'yan itace masu zaƙi a ciki. Da yawa daga masu layin ba mazauna garin ba ne. Jikokin 'yan Poland ne da suka tashi tuntuni, sun zo su cika kwali su juya.

Hamtramck ɗan ƙaramin gari ne da birnin Detroit na Amurka ya kusan zagaye kaf. Masana'antar motocin Dodge da aka kafa a 1910 ita ta yi shi. A shekarar mazaunansa kusan 3,500 ne, zuwa 1920 sun haura 48,000, akasarinsu 'yan ci-rani daga Poland. Suka gina majami'ar St. Florian, suka buɗe gidajen burodi da na abinci inda lebura zai samu irin girkin uwarsa: pierogi, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa dankali da cuku, da ganyen kabeji da aka naɗe nama da shinkafa a ciki, da miyar kokwamba mai tsami. Abincin masu aikin ƙarfi ne, ba na burga ba.

Aikin da ya tara su, shi ya watsa su. Wanda ya samu ya yi gaba zuwa garuruwan Warren ko Sterling Heights da ke kusa. Aka rufe masana'antar a 1980, a 1981 kuma aka rushe unguwar Poletown da ke maƙwabtaka don gina wa kamfanin General Motors masana'anta, aka tashi mutum sama da 4,000. Lokacin da Paparoma John Paul na Biyu ya kawo ziyara a 1987, garin ya riga ya fara zubewa.

Gidajen ba su zauna kango ba. 'Yan Yemen da Bangladesh da Bosniya suka shigo. A 2004 aka yi ta ce-ce-ku-ce kan kiran salla da lasifika, har aka kaɗa ƙuri'a, masu goyon baya suka yi rinjaye. A 2021 Amer Ghalib, haifaffen Yemen, ya kayar da Karen Majewski a zaɓen magajin gari. Shi ne magajin garin na farko tun 1922 da ba ɗan asalin Poland ba.

Abincin ya fi masu shi daɗewa. Gidan abincin Polish Village Cafe na nan a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa a titin Yemans, sai ka sauka matakala kafin ka samu kujera. Idan ka fito ka taka zuwa titin Conant kuwa, ƙamshin biryani ne zai tarbe ka.